Ɗan Gwaggo Ya Koma Cin Abinci da Tsinke

Ɗan Gwaggo, bawana na kaina, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Mutanen Zakka suna gaishe ka, har da waɗanda ka daina ɗaga wayarsu tun da ka koma Kano ka fara sa tabarau da daddare. Na ce bari in rubuto maka ta jarida, tunda a waya kullum kana cikin taro, kuma irin wannan magana gara a yi ta gaban jama'a, kada gobe ka ce ƙage aka yi maka.

Hoton da ka ɗora a WhatsApp ya zaga gari. Ga ka zaune ƙarƙashin wata jar fitilar takarda, ka riƙe tsinke biyu a hannun dama, ka karkata kai gefe, a gabanka baƙin faranti mai faɗi da 'yan lomomi a tsakiyarsa. A ƙasa ka rubuta da Turanci wai kana cin abincin Asiya na haɗe-haɗe. Yaran gida suka kai wa Gwaggo wayar. Ta daɗe tana dubawa, ta matso da ita kusa da ido, sannan ta ce, "Wanga yaro lahiya yake kuwa? Mi ya sa aka ba shi saura?" Sai da aka rantse mata cewa haka ake kawo shi, ba wani ne ya ci ya rage maka ba. Da aka faɗa mata kuɗin, salati ta yi, ta ce a ɗauke mata wayar daga gabanta.

Ni dai ba na yanke hukunci da hoto. Shi ya sa da na shigo Kano sayen atamfa a Kantin Kwari ka ce lallai sai ka kai ni in waye, ban yi gardama ba. Ba zan faɗi sunan gidan abincin ba, don ba su yi mini laifin komai ba. Sun karɓe mu da fara'a, wurinsu tsaf, esi na busawa har sai da na ja babbar rigata na rufe gwiwa. Mai laifin kai ne, kuma da kai zan yi.

Tun daga ƙofa muryarka ta canza. Kai da muka yi kiwon awaki tare, kai da in ka kira sunan mutum daga bakin rafi ana jin ka a tsakar gari, sai ga shi kana magana ta hanci, kana kiran sunayen abinci ɗaya bayan ɗaya, kana satar kallona ka ga ko na razana. Aka fara kawo na farko. Ka gyara zama ka ce sunansa sate, abincin mutanen Indunusiya da Malesiya ne. Na duba da kyau. Nama ne aka yanka ƙanana, aka soke a tsinke, aka gasa a garwashi, aka kawo da miyar gyaɗa a ɗan kofi. Ɗan Gwaggo, tsire ne. Su sun dama gyaɗar da madarar kwakwa da ɗan sukari, mu muna daka ƙuli-ƙuli da citta da barkono mu barbaɗa. Ya yi daɗi, ba zan ci amanarsa ba. Amma da ka kai wannan kuɗin gaban mahauci ranar Alhamis a kasuwar Batsari, da sai ka kira mutane sun taya ka ci, a ƙara maka gyara, a naɗe maka saura a takarda ka kai wa iyali.

Na biyun ne ya ƙarasa ni. Aka ajiye wasu fararen gutsattsari masu kusurwa huɗu, an soya bayansu ya yi ja, an yayyafa riɗi da yankakken ganyen albasa. Ka ɗaga yatsa ka ce, "Wannan shi ne tofu." Na ɗauki ɗaya na sa a baki, na tauna, na dube ka. Ka sunkuyar da kai, don ka san na gane. Awara ce. Awarar nan da kake ci bashi a ƙofar makarantar firamare, har mai ita ta biyo ka gida ta kama rigarka a gaban Gwaggo.

Bari in ba ka tarihinta, tunda kuɗi kawai ka biya, ba ka tambaya ba. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna yin ta, daga can ta shiga Japan da Koriya da sauran ƙasashen yankin. Waken suya kansa ɗan can ne. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar JICA ta Japan ta turo wani masanin abinci mai suna Osamu Nakayama zuwa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ya yi aiki da 'yan Nijeriya kan yadda za a daskarar da madarar waken da abin da ake samu a gida, ba sai an yi odar komai daga waje ba. Da abin ya iso hannun matan Arewa sai suka mai da shi nasu. A jiƙa wake, a kai markaɗe, a tace, a ɗora a wuta, in ya tafasa a zuba ruwan tsamin da aka tsiyaye daga gasara, nan take ya dunƙule, a kwashe a ƙyalle, a danne da dutse ya tsane, a yanka, a soya. Wata ta sa attaruhu da albasa tun a cikin ƙullun, wata ta tsoma a ruwan ƙwai, kowa ta kawo yajinta da kabeji. Dabarar ta Asiya ce, yajin na Hausa ne, mai suyar 'yar Zakka ce. In haɗe-haɗe kake nema, a bakin ƙofar gidanku ka baro shi.

Sai ka jawo wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa ka tsiyaya a kan komai, kana lumshe ido wai ƙamshi. Kai ɗin nan da zuwanka gida na ƙarshe ka toshe hanci da hankici a tsakar gidan Gwaggo, wai warin daddawa na tayar maka da zuciya. To wannan baƙin ruwan waken suya ne da alkama aka bar su suka yi funfuna da gangan, aka jiƙa a ruwan gishiri aka rufe wata da watanni har suka ruɓe yadda ake so. Japanawa suna da wani waken ma da suke kira natto, mai yauƙi da wari, suna karya kumallo da shi, kuma masana sun tabbatar ƙwayar halittar da ke ruɓar da shi, Bacillus subtilis, ita ce dai ke aiki a cikin kalwar da Gwaggo ke dafawa yini guda, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye kwana biyu ko uku kafin ta daka ta shanya. A 1908 wani malamin jami'a a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya zauna ya gano sinadarin da ke sa romon ciyawar teku daɗi, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, a 1991 kamfanin ya kafa reshe a Nijeriya. Shi ne farin magin da ke kowane teburin mai kayan miya daga Safana har Runka. Sinadarin nan kuwa yana cike a cikin daddawa. Wato abin da farfesa ya sha wahala ya tace a ɗakin bincike, tsohuwar da ta haife ka tana yin sa a bayan ɗaki, ba ta taɓa neman a buga ta a jarida ba.

Yanzu mu zo kan tsinken. A hoto ka riƙe shi daidai, na ba ka wannan. Abin da hoton bai nuna ba shi ne abin da na gani da idona a ranar. Aka kawo sushi: shinkafa ce aka dafa aka sa mata ɗan tsami, aka naɗe a baƙin ganyen teku, aka ɗora yankan kifi a kai. Ka kai tsinke, loma ta zille. Ka sake kaiwa, ta mirgina gefen faranti. Ka haɗe gira, ka cije leɓe, ka duƙa a kanta kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafa. Da ƙyar ka ɗago ta, tana dab da baki ta rabe biyu, rabi ya faɗa cikin baƙin ruwan nan ya fantsalo maka a farar shadda. Yaron da ke kawo abincin, mai tarbiyya ne, ya juya baya yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ni kuwa na wanke hannuna na yi bisimilla. Daga baya ma na ji cewa a Japan ɗin kanta ba laifi ba ne mutum ya ɗauki sushi da yatsu. Kai kaɗai ka ɗora wa kanka wahala.

Kifin kuma ɗanye ne. Ɗanye, jama'a. Mutumin da aka raina da bandar kifin madatsar Zobe, wanda sai ya sha hayaƙi ya yi baƙi ƙirin ya bushe ƙayau kafin a yarda a sa shi a miya, shi ne yau yake haɗiyar kifin da bai ga wuta ba, yana gyaɗa kai. A gefen farantin akwai wani ɗan koren curi. Ban san abin da ka ɗauke shi ba, na dai ga ka kwashe shi gaba ɗaya ka jefa a baki. Barkonon gida harshe yake kamawa, ya ba mutum lokaci ya nemi ruwa. Wannan ta hanci yake bi ya hau ƙwaƙwalwa. Idonka ya kawo ruwa, jijiyar goshinka ta miƙe, ka riƙe gefen tebur, kana son yin ihu kana tuna kai ɗan birni ne. Da ka samu numfashi sai ka ce mini, da muryar mutanen Zakka tsantsa, "Ɗan Kawu, miƙo ruwa, zan mutu." Nan na san ɗan'uwana yana nan a ciki, tabarau ne kawai ya rufe shi. Kuma don ka ƙara jin haushi, yawancin abin da ake kira wasabi a wajen Japan ba shi ba ne, wata saiwar Turai ce mai yaji ake niƙawa a rina ta kore, don na ainihin tsada gare shi kuma noman sa sai a ruwa mai sanyi mai gudu. Jabu ne ya sa ka kuka.

Akwai inda ka taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, kuma har yanzu ban yafe ba. Na tambayi yaron ko ana sa giya ko man alade a girkin, ka harare ni wai na ba ka kunya. Babu abin kunya a nan. A girkin Sin da na Japan sa ɗan giyar shinkafa a miya abu ne na yau da kullum, naman alade kuma shi ne naman da aka fi ci a Sin. Yaron ya amsa mini cikin ladabi cewa ba sa amfani da ko ɗaya, kuma ya ce ba ni ne na fara tambaya ba. Mai sayar da abinci a Kano ya san garin da yake. Kai ne ka ɗauka wayewa ita ce a ci a yi shiru.

Da ka farfaɗo sai ka shiga yi mini lacca, wai wannan sabon salo ne na manyan biranen duniya, a ɗauko na Japan a haɗa da na Tailan a ƙara da na Koriya a faranti ɗaya. Sabo a wurinka. A 1899 wani jirgin ruwa mai suna Sakura Maru ya sauke leburori 790 'yan Japan a ƙasar Peru, suka shiga aikin gonakin rake. Ba su samu kayan miyar gida ba, sai suka yi girkinsu da lemun tsami da barkonon da suka tarar. Daga irin wannan girki ne wani kuku, Nobu Matsuhisa, wanda ya zauna a Lima, ya ɗauko salon da ya buɗe gidan abinci da shi a New York a 1994 tare da ɗan fim Robert De Niro, yau attajirai ke layi. A Indiya, ƙasar finafinan da ka haddace, ana danganta wani girkin kaza da ake kira Manchuriya da Nelson Wang, ɗan asalin Sin haifaffen Kalkata, wanda a 1975 a Bombay ya soya tafarnuwa da citta da ɗanyen barkono irin na Indiyawa sannan ya zuba baƙin ruwan waken nan maimakon kayan ƙamshinsu. Nan kusa da mu, sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kai yaƙin Indocina, wanda ya ƙare a 1954, wasu sun dawo da mata 'yan Biyetnam, matan suka riƙa soya 'yan naɗe-naɗen da ake kira nem, yau ana sayar da su a titunan Dakar da Abijan. Duk inda ka bi sawun abin, baƙo za ka tarar, mai kewar gida, yana girki da abin da ya samu. Masu kuɗi daga baya suka zo. A 1983 Wolfgang Puck ya buɗe Chinois on Main a Kalifoniya, ya haɗa girkin Sin da na Faransa, aka rage hasken fitila, aka ƙara girman faranti, aka rage abin da ke cikinsa.

In kana son ganin magajin waɗancan leburorin na gaskiya, je teburin mai shayi. Taliyar leda wani mutum ne a Japan, Momofuku Ando, ya ƙirƙiro ta a 1958. Indomie 'yar Indunusiya ce, an fara ta a 1972, ta shigo Nijeriya a 1988, a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun. Mai shayi ya karɓe ta, ya yanka mata attaruhu da albasa da tumatir, ya fasa ƙwai, wani ma ya tura ta cikin burodi, ya miƙo maka da shayin da asalin ganyensa daga Sin ne. Ba ya kiran abin da kowane suna, ba ya kashe fitila, kuma in ka ce bai ishe ka ba sai ya ce a ƙara guda.

Amma kada a ce ɗan ƙauye ya je birni bai ga abin yabo ba. Na leƙa ta gilashin da ya raba mu da madafa, na ga yadda suke yi da wuta. Kasko ne mai zurfi, wuta na ruri a ƙarƙashinsa, an riga an yanka komai daidai wa daida an jera. Kuku ya zuba mai kaɗan, ya watsa kayan lambu, ya girgiza, kafin ka ƙifta ido ya juye. Karas ya fito da garɗinsa, koren tattasai yana nan kore, kabeji na ƙaras-ƙaras a baki. Mu kuwa sai mun dafa alayyafo ya fita hayyacinsa, mun malala masa mai har ya yi iyo, sannan mu ce miya ta yi. Wannan kam sun fi mu, kuma da shi ka koyo ka kawo gida da na sara maka. Sai ka tsallake dabarar ka ɗauko tsinke.

Abin sha ne ya sa na daina dariya na ɗan lokaci. Aka kawo maka shayi da madara mai sanyi a dogon kofi, da wasu baƙaƙen ƙwallaye a ƙasa, da ƙaton bututun zuƙa. Ka ce daga Taiwan aka samo shi, kuma gaskiya ka faɗa, a can aka fara shi a shekarun 1980. Na ce da me ake yin ƙwallayen? Ka ce ba ka sani ba. Rogo ne, Ɗan Gwaggo. Sitacin rogo ne aka murza da sukari. Kai da ka tashi a ƙasar da rogon Batsari ya yi suna, kai da ka ci dafaffe da ƙuli har ya gundure ka. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya, amma Tailan ce kan gaba wajen sayar wa duniya sitacinsa. Riɗin da aka yayyafa mana ma, a kasuwar Dawanau ake loda irinsa a manyan motoci, ya bi teku zuwa Japan da Sin, a matse shi, man ya dawo a 'yar kwalba da rubutun da ba ma iya karantawa. Citta kuwa Kaciya ce gidanta. Ka kuma san halin da manoman gefen dajin Rugu suka shiga a shekarun nan, ka san akwai gonakin da sai da aka bar su, ka san mutum kan fita gona bai da tabbacin dawowa. Shi manomi ya sayar da buhu a yadda dillali ya ga dama, kai ka sayi ƙwallaye goma sha wani abu a kuɗin da ya fi abin da zai samu a yini. Na dube ka kana zuƙa, wata ƙwallo ta maƙale a bututun, ka ja da ƙarfi, ta wuce maka kai tsaye maƙogwaro. Sai dariyata ta dawo.

Da aka kawo takardar kuɗi a cikin 'yar jakar fata, na ga gumi a goshinka duk da esi. Ban da kuɗin abinci ga harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, ga kuma ladan hidima a kai. Ka ciro kati, ka mayar, ka ciro wani. Ka ce wa yaron matsalar sabis ce. Ni dai na mai da hankalina kan fitilar takarda, don ba ya kyautuwa ubangida ya ga tsiraicin aljihun bawansa. Aka dai rabu lafiya.

Abin da ya sa na ce sai na rubuta shi ne wanda ya faru bayan mun fito. Ba mu yi nisa ba ka ce wa mai adaidaita ya tsaya, wai za ka gaisa da wani. Wanin nan mai gurasa ne. Ka sa aka yi maka bandashe, aka jiƙa ta, aka zuba ƙuli da mai da albasa, ka tsuguna a bakin titi ka naɗe hannun shaddar nan mai tabo, ka sa yatsu biyar. Ba ka ɗauki hoton wannan ba. Ni na ɗauka, yana nan a wayata, kuma farashinsa na tashi kullum.

Saboda haka maganar kuɗin shara da muke ja tun muna yara, kowa na cewa ɗaya ne zai biya, bana ta ƙare. In Cika-ciki ya zo kai za ka aiko, kuma kada ka ce mini sabis. Gwaggo kuma ta ce in gaya maka ƙullin daddawa da garin kuka da busasshiyar kuɓewar da ka yi waya a ɓoye ka roƙa suna hannun direban motar Dutsin-Ma. Ka je tasha da kanka ka karɓa, kuɗin mota a kanka, kuma ka dawo mata da bokitinta mai murfi na wancan karon, ta ce na aro ne.